Shiru a Gidan Makoki

Heiko Lehnert lebura ne, kuma ba ya ɓoyewa, abin da ya daɗe yana damun dangin matarsa. Da zai yarda a riƙa ce masa injiniya da kowa ya huta, domin Bature mai hular kwano ko a hoto injiniya ne. Amma duk wanda ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce kankare yake zubawa, ya ƙara da cewa idan an gama zubin har shara yakan yi. Daga wani ƙaramin gari a gabashin Jamus ya fito, inda masana'antar da ta cinye ƙarfin kakansa da na ubansa ta rufe tun kafin ya isa ba ta nasa. Wani kamfani ya kawo shi Amurka aikin 'yan watanni, kamfanin ya koma, shi ya tsaya. Abin da ya tsayar da shi Constance ce, nas 'yar Kagoro, wadda ta ɗaure masa hannu ranar da rodi ya yage shi, tana ɗaurewa tana yi masa faɗa kamar ta daɗe da saninsa.

Yanzu suna zaune a Hyattsville, a hawa na uku na wani gidan haya, da 'ya'yansu Abby da Clinton. Kullum da sassafe Heiko yakan tuƙa mota har Sterling, inda ake ta gina manya-manyan ɗakuna marasa taga don kwamfutoci su zauna cikin sanyi. Da yamma ya dawo fari fat da siminti, ya ci tuwo da cokali mai yatsu, ya kwanta. Mutanen Constance suna kiransa Baban Abby, kuma sun yarda mutumin kirki ne. Ba ya makara, ba ya ƙarya, idan famfon gidanka ya lalace zai zo ya gyara ya tafi ko ruwa bai sha ba. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba, sai kuma “ya isa”, wadda ya koya a gaban kwanon abinci.

Wata ranar Alhamis da safe aka bugo waya daga Kagoro cewa mahaifiyar Constance ta rasu. Tsohuwar ta dawo daga kasuwa ta ce kanta na sara mata, ta kwanta, shi ke nan. Za a ajiye gawar har 'ya'ya su haɗu, jana'iza sai nan gaba. Heiko ya riga ya kama hanyar aiki, da labarin ya iske shi ya juyo da mota, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara aiki a ƙasar. Ya tarar da matarsa zaune dirshan a ƙasan kicin, waya na ta ruri a hannunta. Ta miƙa masa wayar ta ce kanta zai fashe, ya riƙe mata wannan abu. Ya kama ta ya kai ta ɗaki, ya ja labule, ya jawo ƙofa.

To, an ba Heiko aiki, shi kuwa ba ya yin rabin aiki. Ya kashe wayar ya jefa a aljihun tebur. Ya gaya wa yara su yi tafiya a hankali. Sannan ya ɗauko kujera ya dasa a bayan ƙofar falo ya zauna, don kada ƙararrawa ta tashe ta.

Wadda ta fara zuwa Mama Tracy ce, shugabar matan zumunta ta cocinsu, riƙe da kula cike da gwate. Heiko ya buɗe ƙofar daidai faɗin jikinsa, ya yi musabaha da ita, ya gode mata ƙwarai. Ya ce Constance tana kwance, tana bukatar shiru, kuma iyalin suna so a bar su su kaɗai a wannan lokaci mai wuya. Mama Tracy ta leƙa ta bisa kafaɗarsa ta tambaya ko akwai wani tare da ita a ciki. Ya ce babu kowa, har da ɗan alfahari. Ta ce ita ba magana za ta yi ba, zama kawai za ta yi. Heiko ya auna maganar bai ga amfanin mutum ya baro gidansa ya zo ya zauna bai ce komai ba, don haka ya ce kada ta wahalar da kanta. Ya karɓi kular, ya sake godiya, ya rufe ƙofa a hankali.

Haka aka yi ta yi. Matan zumunta suka zo bibbiyu. Nas-nas suka zo da kayan aiki a jikinsu, ko gida ba su biya ba. Dakta Muntaka, wanda suke aiki tare da Constance a asibiti, ya taso tun daga Sterling da matarsa Furera. Kowa ya sami musabaha ɗaya da magana iri ɗaya, domin Heiko mutum ne mai adalci, bai bambanta Kirista da Musulmi ba, bai fifita likita a kan mai goge-goge ba. Da firji ya cika, sai ya fara mayar da abincin ma, yana bayanin cewa zai lalace ne kawai.

Ranar Juma'a da rana Baba Katung ya zo. Shi ne dattijon mutanen Kagoro a duk yankin, kuma shi ya tsaya a matsayin uban Constance ranar aurensu. Gwiwarsa ta daɗe da lalacewa, gidan kuwa matakala ce kawai. Ya iso hawa na uku yana haki, ya jingina da bango. Heiko ya ji tausayinsa, ya fito masa da kujera nan bakin matakala, ya kawo masa ruwa a kofi, ya tsaya har tsohon ya huta. Sannan ya gaya masa abin da ya gaya wa kowa.

Baba Katung ya dubi rufaffiyar ƙofar.

“Ita ce ta ce haka?”

Heiko ya tuna wayar da aka miƙa masa. Ya ce e, ita ta sa shi wannan aikin.

Tsohon ya gyaɗa kai, ya miƙa masa kofin, ya kama ƙarfen matakala ya sauka da ƙyar. Kafin yamma labari ya gama Hyattsville da maƙwabciyarta Landover cewa Constance ta zama Baturiya har a wajen mutuwa, ba ta son a dame ta. Ba wanda ya sake ƙwanƙwasa ƙofar. Heiko ya saurari gidan ya ji tsit, ya ji daɗin da yakan ji idan an gama shafe kankare ba alamar sawu ko ɗaya a kai.

Ranar Asabar da safe Constance ta fito. Ta yi wanka, ta ɗaura baƙin zane da ɗankwali, ta ce ya tura kujerun falo jikin bango, ya fitar da teburin tsakiya, ya ɗora babbar tukunya ta ruwan shayi. Ya yi duka, yana ganin ai gara ta sami abin da zai ɗauke mata hankali. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna ta miƙe ƙafa, fuskarta na duban ƙofa. Ta karɓi wayarta ta kunna. Kiraye-kirayen da aka yi ta yi ranar Alhamis suna nan jere, bayansu kuma sai gajerun saƙonni, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya ji ƙan Mama. Ta karanta ta kife wayar. Wanda ke Kaduna zai iya gaisuwa ta waya. Wanda ke Landover kuwa, idan ya aiko saƙo, ya faɗi abin da yake son faɗa ke nan.

Duk motsin da aka yi a matakala sai ta ɗaga kai. Maƙwabta ne 'yan El Salvador za su wanki. Mai kawo kaya ne ya ajiye kwali a ƙofar wani. Ruwan shayi ya tafasa ya huce, Heiko ya sake kunna masa wuta. Rana ta yi tsaka ba ta sa komai a bakinta ba. Can ta fara magana, ba da shi ba, da ƙofar. Ta ce lokacin da matar wani ɗan garinsu Martins ta rasu ita ta kwana a gidan har aka watse. Ta ce ta tuƙa mota cikin ƙanƙara har Baltimore don gaisuwar wata da ko sunanta ba ta sani ba sosai. Ta ce yanzu haka a Kagoro an kafa rumfa har bakin titi.

“Na san auren nan bai yi wa wasu daɗi ba,” ta ce. “Amma ban san ya kai a bar ni da mutuwar uwata ni kaɗai ba.”

Heiko yana tsaye da murfin tukunya a hannu. Ya ajiye shi. Ya ce mutane sun zo. Ya gaya mata komai bi da bi, wa ya zo, me ya kawo, me aka ce masa, domin ko a kan kansa ba ya rage labari. Ya buɗe ƙofar baranda ya nuna mata kulolin da ya wanke ya jera. Constance ta bi su da kallo, ta gane kowace da mai ita. Ta tambaya ko Baba Katung ya zo. Ya ce ya zo, kuma ya ba shi kujera da ruwa. Ta tambaya a ina. Ya ce a bakin matakala.

Ta rufe ido.

“Ka ce masa ni na sa ka?”

Ya ce ai ita ta ba shi wayar.

Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Nan take ya kawo gyara, don a wajensa duk abin da ya ɓaci yana da gyara. Zai aika wa kowa saƙo cewa an yi kuskure, gobe Lahadi da rana za a karɓi baƙi, a sa lokacin farawa da na tashi.

“Ba a gayyatar mutum gaisuwar mutuwa, Heiko. Ba bikin haihuwa ba ne.”

Ya ce to ita ta kira su. Ta ce wadda aka yi wa mutuwa ba ta kiran kowa ya zo ya yi mata kuka, gara ta zauna haka. Ta juya ta kwanta a tabarmar ta ba shi baya. Shirun da ya yi ta gadi ya samu, ga shi nan ya cika falon, kuma yanzu ya ga abin da yake yi wa matarsa. Ya ɗauki makullin mota.

Baba Katung yana zaune a Landover, bayan wani shagon kayan abincin gida da warin bushasshen kifinsa ke kaiwa har wurin ajiye motoci. Matarsa ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi Heiko sama da ƙasa, ta matsa gefe. Tsohon yana kallon ƙwallo, ƙafarsa miƙe a kan ƙaramar kujera. Heiko ko zama bai yi ba ya fara da cewa ya yi kuskure. Baba Katung ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ce wa matarsa ta ba surukinsu wurin zama.

“A ciki,” ya ƙara. “Mu nan a ciki muke ajiye baƙi.”

Sannan ya shiga gaisuwa, bai tsallake komai ba. Ya tambayi aiki, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya. Heiko yana amsawa yana gumi. Tsohon ya ce kujerar da aka ba shi jiya tana da daɗin zama, wurin ma akwai iska, ya kamata mai gidan hayar ya ƙara kuɗi saboda wannan bakin matakalar. Sai da ya gaji don kansa ya ce to, yanzu me ke tafe da shi.

Heiko ya ce Constance ba ta san an kori kowa ba. Shi ya yi, da kansa, kuma da ya ce ita ta sa shi, ya fahimci aikin ne ba daidai ba. Yanzu tana zaune tana jira, tana zaton mutanenta sun yar da ita.

“Me muka yi maka, Baban Abby?”

Ya ce ba su yi masa komai ba. Shi a ganinsa taimako yake yi.

Baba Katung ya rage ƙarar talabijin ya tambaye shi su a garinsu yaya ake yi. Heiko bai saba ba da labarin gida ba, amma an tambaye shi, sai ya faɗa. Ya ce da ubansa ya rasu an taru a wani ɗan zaure a maƙabarta, mutane ba su cika kujerun gaba ba. Aka sa kiɗa kaɗan, aka binne tokar gawar da aka ƙona, kowa ya yi musabaha da uwarsa, aka sha kofi da kek, aka watse. Maƙwabta suka daina ƙwanƙwasa musu ƙofa saboda girmamawa. Wasu idan sun hango ta a titi sukan rage sauri don kada su tilasta mata magana. Shi kuma washegari ya koma aiki.

Tsohon ya tambaya wa ya kwana a gidan tare da uwar tasa. Ya ce babu. Wa ya dafa mata abinci? Ya ce ita ta dafa. Baba Katung ya dubi matarsa, matar ta dafe ƙirji ta ce Allah sarki, kamar an ba ta labarin mutanen da yaƙi ya ci.

Tsohon ya kashe talabijin ɗin gaba ɗaya. Ya sauke ƙafarsa ƙasa, ya gyara zama, ya miƙa wa Heiko hannu biyu.

“Ya haƙurin rashin babanka? Allah ya ba ka haƙuri.”

Heiko ya ce ai an daɗe, tun kafin ya zo Amurka.

“Tun da ba wanda ya yi maka gaisuwar, ai tana nan.”

 Heiko ya sunkuyar da kai yana duban tayil ɗin ɗakin, wanda duk wanda ya shimfiɗa shi bai san aikinsa ba. Da ya ɗago, ya tambaya ko za su zo, kuma da wane lokaci.

Baba Katung ya ce shi tsoho ne, ba hakimi ba, ba ya iya tara kowa. Mutane sun ji ciwo, musamman mata, kuma Mama Tracy ba ta mantuwa. Abin da zai ce kawai shi ne ya koma gida ya bar ƙofa a buɗe. Heiko ya sake tambayar lokaci, don ya san yadda zai shirya.

“Mutuwar ta gaya maka lokacin da za ta zo?” in ji tsohon, ya mayar da ƙafarsa kan kujera.

Ranar Lahadi da safe Heiko ya buɗe ƙofar falo ya tokare ta da takalmin aikinsa. Duk mai wucewa yana ganin cikin gidansa, abin da a da ko a mafarki ba zai yarda ba. Constance ta koma kan tabarmarta. Ya gaya mata ya je Landover, ta ce to, ba ta tambayi abin da aka ce ba. Yara suna zaune a gefe da kayan coci, ba wanda ya je cocin. Heiko ya nemi abin da zai yi da hannunsa ya rasa. Ya goge abin da yake a goge, ya duba tukunya, ya dawo ya tsaya. Lokacin tashi daga coci ya yi ya wuce. Constance ta daina ɗaga kai idan an yi motsi a matakala, kuma wannan ya fi komai tsorata shi.

Rana ta fara karkata sai ya ji ƙarar sanda a can ƙasa, tana bugawa tana hutawa. A bayanta akwai sawu da yawa masu tafiya a hankali, don ba wanda zai wuce tsoho a matakala. Wata mace ta ɗauko waƙar coci da Hausa ƙasa-ƙasa, sauran suka karɓa. Hawan ya ɗauke su lokaci mai tsawo. Heiko yana tsaye a bakin ƙofa ya shirya hannunsa don musabaha, suka wuce shi suka shige kamar ginshiƙi ne. Mama Tracy ko kallonsa ba ta yi ba. Ta je ta zube a tabarma ta rungume Constance, Furera ta zauna ta ɗaya gefen ta riƙe mata ƙafa.

Sai Constance ta fashe da kuka, irin wanda Heiko bai taɓa ji daga bakinta ba duk zamansu, tana kiran uwarta da harshensu na Kagoro. Ya zabura zai je wajenta, ko ya kawo ruwa, ko ya ce a ɗan ba ta iska. Baba Katung, wanda aka riga aka zaunar a babbar kujera, ya cafke masa wuyan hannu.

“Zauna. Kai ma uwarka ce ta rasu.”

Heiko ya ce kuka take yi.

“Shi muka zo ta yi.”

Ya zauna a gefen tsohon. Maza suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu suna cewa ya haƙuri, shi kuma yana cewa na gode, aka ga Hausar tasa ta isa wannan aikin. Wasu mata suka shiga kicin ɗinsa suna buɗe duk inda suka ga dama, suna ajiye abubuwa inda ba nan ne wurinsu ba. Takalma suka taru a bakin ƙofa har suka gangara matakala. Falon ya cika, aka zauna a hannun kujeru, aka zauna a ƙasa, kuma har yanzu ana jin wasu suna hawowa.

Can Mama Tracy ta taso daga tabarma don ta ba wata tsohuwa wuri. Ta duba ko'ina ba sarari, ta zo ta tsaya a kan Heiko tana share ido da bakin zane.

“Baban Abby, matsa.”

Ya matsa.